Tsofaffin Motocin Alfarma na Amurka: Me Ake Saye da Miliyoyin Daloli?



A watan Agustan 2018, a wani wurin shaƙatawa na bakin teku da ake kira Pebble Beach a jihar Kalifoniya, an fito da wata mota gwanjo. Ƙirar 1935 ce, kujera biyu gare ta, ba ta da na'urar sanyaya ciki, sitiyarinta kuwa sai mai ƙwanji ke iya murɗa shi. Da aka gama tayi, sai aka sallama ta a kan dala miliyan 22. Sunanta Duesenberg SSJ. Guda biyu kacal aka taɓa ƙerawa, ɗaya ta shiga hannun ɗan wasan fim Gary Cooper, ɗayar kuma Clark Gable ya hau ta. Ta Cooper ce aka sayar a ranar, kuma kafin lokacin ba a taɓa yin gwanjon motar Amurka da ta kai wannan kuɗi ba.

Wanda ya ji haka zai iya cewa ai shagalin masu kuɗi ne kawai, sun rasa inda za su kai dukiya. Akwai wannan a ciki, ba na musu. Amma in mutum ya tsaya a nan, ya bar mafi yawan zancen a baya. Ni dai a ganina, abin da mai tara irin waɗannan motoci yake nema shi ne asali: wa ya ƙera, wa ya sa aka ƙera, hannun wa da wa ta bi kafin ta iso yau. To bari mu koma farko, mu ga yadda wannan asali ya samu.

A farkon ƙarni na 20, in an ce motar alfarma a Amurka, abu na farko da ake nufi shi ne motar da za ta kai ka inda za ka, ta kuma dawo da kai gida. Da zarar an fita daga birni, yawancin hanyoyi laka ce da damina, ƙura da rani. Ana ba da labarin cewa a 1898 wani injiniya mai suna James Ward Packard, mutumin garin Warren a jihar Ohio, ya sayi mota daga hannun Alexander Winton, ta yi ta ba shi wahala. Da ya kai ƙorafi, sai Winton ya ce masa in ya isa ya je ya ƙera wadda ta fi ta. Shekara ta zagayo, a 1899, sai ga motar Packard ta farko a kan titi. A 1903 kamfanin ya koma Detroit, a 1915 ya fito da inji mai silinda 12, a 1921 kuwa a cikin Packard aka kai Warren Harding wurin rantsar da shi, shi ne shugaban Amurka na farko da ya je bikin a mota maimakon keken doki. Tallar kamfanin ma ba ta cika baki, cewa kawai take a tambayi wanda ya mallaki ɗaya.

Packard na da abokan gasa biyu da ake ambaton su tare: Peerless ta birnin Cleveland da Pierce-Arrow ta birnin Buffalo. Ita Pierce-Arrow, kamfanin da ya haife ta da kejin tsuntsu da akwatin ƙanƙara ya fara, ya koma kekuna, sannan ya zo mota. A 1909 Shugaba William Taft ya sa aka sayo guda biyu don fadar White House. Ko daga nesa ana gane ta, domin fitilunta a kan murfin tayoyin gaba aka dasa su, alhali na sauran motoci suna tsaye ne a gefen lagireto.

Sai Cadillac, wadda Henry Leland ya kafa a 1902. Leland ya koyi aiki ne a masana'antun bindiga da na kayan awo, mutum ne da ba ya yarda da "kusan daidai". A 1908 aka kai motocinsa uku filin tsere na Brooklands a Ingila, aka kwance su ƙarfe-ƙarfe, aka cakuɗa kayan wuri ɗaya, aka sake haɗa motoci uku daga cikin tarin, kowace ta yi tafiyar mil 500. Duk bakaniken da ke saurarena ya san nauyin wannan magana. A wancan zamani, in wani ƙarfe ya lalace, sai an zauna da zarto an goge sabon kafin ya shiga. Kuma Cadillac ɗin ce a 1912 ta zo da na'urar tayar da inji da lantarki, wadda Charles Kettering ya ƙirƙiro. Kafin nan sai an tsaya a gaban mota an murɗa wani ƙarfe da hannu, in inji ya yi tutsu ya mayar da ƙarfen baya, ya karya wa mutum hannu ko muƙamuƙi.

Yanzu ga inda nake so mu ɗan zauna, domin nan ne zuciyar maganar. A manyan motocin wancan lokaci, sau da yawa kamfani ba ya sayar maka da mota sukutum. Abin da za ka saya shi ne inji da ƙashin mota da tayoyi da sitiyari. Bodi kuwa, wato gangar jikin da za a zauna a ciki, wani gidan sana'a daban ne zai yi maka. Kamar dai mutum ya sayi shadda mai tsada a kanti ya kai wa maɗinkin da ya yarda da shi, a auna shi, a tambaye shi irin aikin da yake so a wuya da aljihu. Akwai gidan Brewster na New York, wanda tun 1810 yake ƙera kekunan doki. Akwai LeBaron, da Fleetwood, da Derham, da Rollston, da kuma Murphy na garin Pasadena a Kalifoniya, wanda ya yi suna wajen motoci masu buɗaɗɗen sama.

A irin waɗannan gidaje, kafinta ne zai fara haɗa ƙwarangwal da katako mai ƙwari. Sannan maƙeri ya ɗauki farantin alminiyam ya yi ta bugu da guduma har ya lanƙwasa yadda zanen ya nuna. Mai fenti ya shafa, ya goge, ya sake shafawa. Mai ɗinkin kujeru ya shigo daga ƙarshe. Ga wani abu da zai ba mutumin yau mamaki: a motocin da ake da direba na musamman, kujerar fata ta direba ce, saboda a waje yake, rana da ruwa duk a kansa suke ƙarewa. Maigida da uwargida a baya suke, kan lallausan yadin ulu, gilashi ya raba su da direba, in za su yi masa magana sai ta wani bututu ko ƙaramar waya. Wani ya ce a ɗaga masa rufi don doguwar hularsa, wata ta kawo kalar da take so a bi. Shi ya sa da wuya ka sami guda biyu da suka yi daidai ta kowace fuska. Wanda ya sayi irin wannan mota a yau, ya sayi zaɓin wani mutum guda da aikin hannun wasu mutane da yawa. Abin da ke damuna shi ne sunan mai kuɗin yana nan a rubuce, na mai zane ma sau da yawa an sani, amma masu gudumar nan da masu allurar nan galibinsu ba wanda ya ajiye sunayensu.

Ƙololuwar wannan zamani ita ce Duesenberg. Fred da August Duesenberg wa da ƙane ne, a Jamus aka haife su, a jihar Iowa suka girma, kuma a filin tsere suka yi suna. Motarsu ce ta cinye babbar gasar Faransa a 1921, Jimmy Murphy na tuƙi, sannan ta cinye tseren Indianapolis a 1924 da 1925 da 1927. Sun iya inji, ba su iya kasuwa ba. A 1926 wani ɗan kasuwa mai zafin nama, E. L. Cord, ya sayi kamfanin, ya ce wa Fred ya ƙera motar da ta fi kowace mota a duniya, kada ya damu da abin da za ta ci.

A watan Disambar 1928 aka nuna ta a New York, aka sa mata suna Model J. Silinda 8 a jere, ƙarfin doki 265 bisa faɗar kamfanin, a lokacin da manyan abokan gasarta ba su kai ko kusa ba. Tana wuce kilomita 180 a sa'a. A gaban direba akwai ƙananan fitilu da ke kamawa su tuna masa lokacin juyen baƙin mai ya yi, ko a duba ruwan batir, kuma motar da kanta take tura mai zuwa gaɓoɓinta bayan ta yi wani adadin tafiya. A 1928 fa ake magana. Kuɗin inji da ƙashi kaɗai, ba bodi, dala 8,500 ne, alhali da kamar dala 500 mutum zai sayi sabuwar Ford ya hau ya tafi gida. In an ɗora bodi, kuɗin ya kan kai dala 15,000 ko fiye. Wadda aka kai baje kolin duniya na Chicago a 1933 dala 20,000 aka sa mata, har kuɗin ya zame mata laƙabi. Wani saurayi mai shekara 25, Gordon Buehrig, shi ya zama babban mai zanen kamfanin a 1929. Sarkin Sifaniya Alfonso na 13 ma ya mallaki ɗaya.

Amma komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Ba a cika shekara da fitowar Model J ba, kasuwar hannun jari ta New York ta rushe a watan Oktoban 1929. Zuwa 1933, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan Amurka ba su da aikin yi. Kamfanonin kuwa sun riga sun zuba kuɗi, ba damar ja da baya. Cadillac ta fito da inji mai silinda 16 a farkon 1930, Marmon ta biyo baya da nata a 1931, Pierce-Arrow da Lincoln suka kawo masu 12. Motoci mafi kyau da ƙasar ta taɓa yi sun fito ne daidai lokacin da mutane ke bin layin karɓar miya da burodi. Ko wanda dukiyarsa ta tsira sai ya ji nauyin ratsa irin wannan layi a cikin motar dala 15,000, wani ma tsoro yake ji. Cadillac mai silinda 16, wadda aka yi rububinta a shekarar farko, ta dawo ana ƙera kamar guda 50 a shekara.

Daga nan sai rufewa ɗaya bayan ɗaya. Peerless ta daina mota a 1931, aka mayar da masana'antar wurin yin barasa. Marmon ta tsaya a 1933. Fred Duesenberg ya rasu a 1932 bayan haɗarin mota, kamfanin ya rufe a 1937, bayan an ƙera Model J kimanin 480 gaba ɗaya. Pierce-Arrow ta bi su a 1938, ko da yake injinta mai silinda 12 ya ci gaba da aiki shekaru da dama a cikin motocin kashe gobara na kamfanin Seagrave. Cadillac ta tsira don tana ƙarƙashin General Motors, Lincoln kuma don Ford ya saye ta tun 1922. Packard ta ceci kanta a 1935 da wata mota mai sauƙin kuɗi da ba ta kai dala 1,000 ba. Dabarar ta yi aiki, sai dai sunan ya rage nauyi a idon masu hali, kuma a 1958 aka yi Packard ta ƙarshe.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, aka taƙaita man fetur da taya, aka shiga tara tsohon ƙarfe don makamai. Motoci masu nauyi, masu shan mai, masu jikin alminiyam, su ne abin nema na farko. Da yawa an narkar da su. Wasu an yanke bayansu an mayar da su motar jan mota ko ta aikin gona. Bayan yaƙi, Duesenberg da kanta an sayar da ita a kan ɗaruruwan daloli. Wannan ne ya sa nake girmama masu tarawa na farko. Ba riba suka hango ba, don babu ita a lokacin, maƙwabta ma kallon masu tara bola suke yi musu. A 1935 aka kafa ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta Amurka a Philadelphia, wadda har yau take cika garin Hershey da baje koli a kowane watan Oktoba. A 1952 aka kafa wata ƙungiyar musamman don manyan motocin alfarma irin waɗannan, saboda a lokacin ba su tsufa sosai ba har a kira su kayan tarihi. Gasar baje kolin motoci ta Pebble Beach ta fara a 1950. A 1951 kuma babban gidan adana fasahar zamani na New York ya baje motoci takwas a matsayin aikin fasaha, cikinsu har da wata mota ƙirar Cord da Lincoln Continental.

Akwai labari ɗaya da nake ganin ya fi kowane bayani nuna abin da mai tarawa na gaskiya yake bi. A watan Fabrairun 1908 motoci shida suka tashi daga New York, za su yi tsere zuwa Paris ta yamma: su ratsa Amurka cikin ƙanƙara, su tsallaka teku a jirgin ruwa, su bi ta Japan da Siberiya da Rasha. Motar Amurka a cikinsu ita ce Thomas Flyer, ƙirar Buffalo, mai tsada a zamaninta. Bakaniken kamfanin, George Schuster, shi ya kai ta Paris a ƙarshen watan Yuli, bayan kwana 169, kuma ita aka ba nasara. Shekaru suka shuɗe, kamfanin ya mutu, motar ta lalace. A 1964 William Harrah, attajirin birnin Reno wanda ya tara motoci kimanin 1,400, ya saye ta. Bai tsaya ga takarda ba. Ya aika aka ɗauko Schuster, yana da shekara 91, don ya duba. Tsohon ya zo da shakka, bai yarda ita ce ba. Sai da aka kwance ta a gabansa ya ga gyare-gyaren da ya yi da hannunsa a kan hanya, sannan ya tabbatar. Harrah kuwa bai sa a mayar da ita sabuwa fil ba. Ya ce a gyara ta ta koma yadda ta shiga Paris, da gajiyarta da alamun wahalarta. Tana nan a gidan adana motoci na Reno.

Hukuncin da Harrah ya yanke a kan wannan mota shi ne daidai, kuma an daɗe kafin sauran masu tarawa su kamo shi. Shekaru da yawa abin da ake yayi shi ne gyaran da ya wuce kima: a kankare fentin asali, a yar da fatar asali, a goge kowane ƙusa har ya fi yadda ya fito daga masana'anta ƙyalli. Mafi muni, da aka ga motoci masu buɗaɗɗen sama sun fi kuɗi, sai wasu suka riƙa cire bodin asali mai rufi suna jefarwa, suna ɗora sabon kwaikwayo. Aikin kafinta da maƙerin 1930 ya tafi ke nan, ba mai dawo da shi. Shi ya sa a yau ake bin lamba. Kowace Duesenberg tana da lambar inji da lambar ƙashi, masana sun bi sawun kusan kowace ɗaya, sun san wadda aka sauya wa inji da wadda aka sauya wa jiki. Motoci biyu za su tsaya gefe da gefe, ido ba zai raba su ba, amma tsakaninsu akwai miliyoyin daloli, saboda ɗaya da jikinta na haihuwa take.

Alhamdu lillahi, tunani ya fara sauyawa. Gasar Pebble Beach ta buɗe rukuni na motocin da ba a taɓa yi wa babban gyara ba, kuma a 2024, karo na farko, mota daga wannan rukuni ta ɗauki babbar kyautar gasar gaba ɗaya. Bugatti ce ta Faransa, ƙirar 1934, amma darasin ya shafi kowa. Haka kuma kafin ranar gasa ana fita da motocin su yi tafiya a kan titin bakin teku, in biyu suka yi kunnen doki a wurin alƙalai, wadda ta yi tafiyar ita ke gaba. Wannan ƙa'ida ta yi mini daɗi ƙwarai. Ina da ja da wanda zai sayi Packard mai silinda 12 ya kulle ta a ɗaki mai sanyi yana jiran farashi ya hau. Mota in ba a tayar da ita, robobinta bushewa suke yi, mai ya daskare, birki ya kama. Kuma akwai abin da ba a sani sai an hau: yadda babban injin nan yake jan mota daga tafiyar ƙafa har gudu ba tare da an sauya giya ba, da yadda ba ka jin ƙararsa sai wani ɗan huci. Yaron da bai taɓa jin wannan a kan titi ba, da me zai so motar har ya kula da ita in ta zo hannunsa?

Wannan tambaya ba ta wasa ba ce, domin masu son motocin kafin yaƙi suna tsufa. Mutum ya fi son motar da ya yi sha'awa yana yaro, masu kuɗin yau kuwa da wasu motocin daban suka taso. Fitattun irin su Duesenberg har yanzu suna riƙe da darajarsu, amma matsakaitan, irin manyan motoci masu rufi da ƙofa huɗu, kuɗin gyaransu ya kan fi kuɗin da za a saye su. Ga kuma ƙarancin masu aikin. Wanda ya iya haɗa ƙwarangwal ɗin katako, ko bugun alminiyam da guduma, ko zuba sabon ƙarfe a gaɓar tsohon inji, ba su da yawa, kuma galibinsu sun manyanta.

Akwai masu ƙoƙari a kan haka. A jihar Kansas, kwalejin McPherson tana koyar da gyaran tsofaffin motoci tun 1976, har ta kai ana yin digiri na shekara huɗu a kai: aikin ƙarfe, aikin katako, ɗinkin kujeru, fenti, inji, da binciken tarihin mota a cikin takardu. A 2023 wata mota da ɗalibanta suka gyara da hannunsu ta shiga gasar Pebble Beach, ta zo ta biyu a rukuninta, tana gogayya da gidajen gyara da suka shekara da shekaru a sana'ar.